Buhu shida na ire a garkar Baba

Jiya na miƙa makullin babur ɗin proje. Shekara huɗu na yi ina malamin gona a garake na kewayen Tawa, amma da na zauna tuna baya, garkar dankalin turawa guda ce ta tsaya mini a rai.

Gwajin ganye ba shi da wuya. Da sassafe kake shiga garka, ka ƙirga ganye na huɗu daga saman kowace shuka, ka zage ƙananan ganyen ka bar tsinken. Ka tara talatin ko arba'in daga fangali dabam-dabam, ka sa a ambulan na takarda, don leda gumi take sa su ruɓe. Labo, wato ɗakin gwaji, zai auna nitarat ɗin da ke cikin tsinken, wato azot ɗin da shuka ta sha, a gane ko tana jin yunwar azot, abincin da ke sa ganye ya yi kore. Duk wannan na yi shi daidai.

Mun shuka a Nuwamba. Na ɗebi tsinke shuka tana da kwana sittin, na sa a motar Yamai. Sai da aka yi mako biyu sakamako ya dawo. Shef ɗin proje ya buɗe takarda, ya ga lamba ta yi ƙasa, ya gwada ta da ma'aunin shuka mai wata guda. Nan take ya ce a zuba takin ire. To ai nitarat saukowa yake yi da kansa in dankali ya fara cika a ƙasa, kowane mataki da nasa ma'auni. Na san haka tun makaranta. Na buɗe baki na ce, "Ranka ya daɗe, ko a sake dubawa?" Ya ce taki na jibge a magaza, rahoto kuma na jiran sa. Na yi shiru.

Baba, dattijon da ke da garkar, ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, ganye ba ya shiga buhu." Na ce masa labo ne ya faɗa. Buhu shida muka watsa, ire kuwa kashi 46 cikin ɗari azot ne zalla. Garka ta yi kore shar, masu wucewa na ta yabo. Ranar haƙa, ina murza dankali da babban yatsa fatar na saluɓewa, bai ƙosa ba. Zafin Maris ya same shi a buhu, kafin a kai kasuwa ruwa na tsiyaya daga gindin buhunan.

A taro shef ya ce ni na ɗebi tsinke ba daidai ba. Ban yafe wannan ba, ko da yake shirun da na yi ya fi ci mini rai.

Tun daga nan nake rubuta kwanakin shuka a jikin kowane ambulan da jan biro. Sakamakon da ya makara ajiye shi nake yi don baɗi. Garkar da ke jin ƙishi ba na ɗibar tsinkenta sai an ba ta ruwa.

Baba ya sake shuka bana. Da na je sallama, matarsa ta cika mini kwano da dankalin, fatarsa ta kama gam.