Ɓangaren C kaɗai ba ya tayar da Windows

Yawancin kwamfutocin da ɗalibai ke kawo mini shago a nan Garwa, Windows da Ubuntu (wani nau'in Linux) ne a faifai ɗaya. Mai ita zai rantse ya ajiye kwafin Windows ɗinsa, in ka duba sai ka tarar ɓangaren C, wato sashen faifan da Windows da takardunsa suke, kawai ya ɗauka. Takardunsa suna nan, amma ranar da faifan ya mutu, wannan kwafin ba zai tayar da komai ba.

Akwai wani ɗan ɓangare a farkon faifan, EFI, mai tsarin FAT32, sau da yawa megabait 100 ne kacal. A cikinsa mai tayar da Windows yake, nan kuma GRUB, mai tayar da Ubuntu, yake zaune, gida ɗaya ɗaki daban. Shi nake fara kwafa, sannan taswirar ɓangarorin faifan da umarnin sgdisk --backup, wadda ko ƙaramin hoton waya ya fi ta nauyi.

Kafin in taɓa C, sai na shiga Windows na kashe Fast Startup. Tun Windows 8 a 2012, in ka danna kashewa ba ya mutuwa gaba ɗaya, barci yake yi, ya bar NTFS, wato tsarin fayilolin C, a buɗe. Umarnin powercfg /h off ya wadatar wajen kashe Fast Startup ɗin.

Sauran aikin na Clonezilla ne, manhajar kwafar faifai, daga filash. Inda bayanai suke kaɗai yake kwafa, saɓanin umarnin dd da ke kwashe har wurin da babu komai. Da yadda wuta ke ɗaukewa a lokacin zafi, wa zai zauna jiran dd ya gama gigabait 500? Sai dai in BitLocker, mai kulle bayanan faifai a Windows, na kunne, Clonezilla ba ya ganin ciki, dole ya kwashe duka. A nan nakan ce wa mai kwamfutar: ƙanena, rubuta lambobi 48 na buɗe BitLocker ɗin a takarda tukuna, ka kai gida.

Wajen mayarwa, sabon wurin kada ya gaza tsohon girma. In kuma Windows ya ɓace daga jerin GRUB, kada hankalinka ya tashi. Tun GRUB 2.06 os-prober, mai nemo Windows ya sa shi a jerin, a kashe yake zuwa; ka sa GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false a /etc/default/grub, ka yi update-grub.