Ƙannena masu son zama jami'in sefti, ga inda na yi tuntuɓe

Ina gama bautar ƙasa na ji ana ta cewa aikin sefti, wato kare ma'aikata daga haɗari a wurin aiki, akwai kuɗi, musamman a kamfanonin mai da na gine-gine, sai kawai na bazama neman satifiket. Wani ya haɗa ni da wata cibiya, kwana uku muna zaune a ɗakin taron wani otal ana haska mana hotuna a bango, aka miƙo mana takarda mai tambari an rubuta HSE 1, 2, 3, wato kwas na lafiya, sefti da muhalli mataki na ɗaya zuwa na uku, na zuba duk abin da na tara a alawus. Ranar intabiyu mutumin ya juya takardar ya ce wa ya tantance cibiyar nan? Na yi tsuru-tsuru. Don Allah kafin ku ba kowa ko sisi ku bincika. In NEBOSH ce, hukumar jarrabawar sefti ta Ingila, tana da jerin cibiyoyin da ta amince da su a shafinta, a nan gida kuma akwai ISPON, cibiyar ƙwararrun sefti ta Najeriya, da dokar 2014 ta kafa don kula da masu wannan sana'a. Ko a yi ta gaske ko a haƙura a ƙara tara kuɗi.

Daga baya Allah ya sa na samu aiki a wata masana'antar jima a Kano, to a nan ne na gane takarda daban, filin aiki daban. Na shigo da zafina, ina yawo da riga mai ƙyalli ina daka wa leburori tsawa, ina hular kwanonka, ina safar hannunka, wanda ya haife ni ma ban bari ba. Ina bullowa sai kowa ya gyara, ina juya baya a cire. Wata rana wani dattijo mai walda ya kira ni gefe ya ce, yaro, gilashin nan da kuka raba mana duk ya karce, in na saka ba na ganin bakin ƙarfen, so kake in ƙona hannuna? Wallahi wata uku ina masa faɗa ban taɓa karɓar gilashin na duba ba. Kuma an koya mana fa, kayan kariya su ne matakin ƙarshe. Ana fara neman kawar da haɗarin gaba ɗaya, in bai yiwu ba a canza shi da mai sauƙi, a yi wa inji shinge, a gyara tsarin aiki, sannan a zo kan hula da takalmi. Ni na fara daga ƙarshe saboda shi ne mai sauƙin gani.

Amma wanda har yau yake hana ni barci shi ne na rami. Akwai ramin da ruwan jima yake taruwa, ya toshe, ana son a sauka a kwashe laka. Sufabaiza ya kawo min takardar izinin aiki ina ofis ina cin abinci, ya ce oga na jira, sa hannu kawai, ai kullum ana shiga. Na sa. Ban je wurin ba, ban gwada iskar ramin ba, ban tambaya wa zai tsaya a sama ba. Ko minti ashirin ba a yi ba na ji ihu. Yaron da ya sauka ya taɓa lakar nan ya yanke jiki ya faɗi, abokinsa har ya ɗora ƙafa a tsani zai bi shi, dattijon nan mai walda ne ya rungume shi ya hana. Allah ya taimaka akwai igiya a ƙugun yaron, aka jawo shi, ya farfaɗo a asibiti.

Iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ce, haidirojin salfaid. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, shi ya sa take kwanciya a ƙasan rami, kuma in ta yi yawa hanci ma daina jin warinta yake yi, mutum ya zaci ta tafi. A irin wannan haɗari sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma can yake zama. Duk na san wannan a takarda, na ma amsa shi a jarrabawa, amma na sa hannu da cokali a ɗaya hannun.

Abu ɗaya kuma, ku riƙa rubutawa. Kafin wannan rana sau biyu ana ce min wani ya ji jiri a bakin ramin, na ce Allah ya kiyaye na wuce, ban shigar a littafi ba, ban rubuta wa manaja ba. Da aka zo bincike ba ni da ko layi ɗaya da zan nuna. Ku karanta dokar masana'antu da dokar diyyar ma'aikata ta 2010 wadda NSITF, hukumar inshorar ma'aikata, ke kula da ita, don iyayen yaron sun tambaye ni haƙƙinsa na rasa bakin magana.

Yanzu in aka kawo min takardar shiga rami, tashi nake da na'urar gwada iska in je da ƙafata, a kunna fanka ta hura, in ga igiya, in ga mai tsaro a sama. Oga ya kira waya sau goma in ya so, biro yana aljihuna sai na gani da idona.