Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shekarar da Aka Rufe Jibiya

A makon jiya na tsaya a inda na karɓi rumfar mahaifina a kasuwar Sabon Gari. Dabino da wake da kanwa muke sayarwa, kuma kusan dukansu ta Maraɗi suke shigowa, su bi Jibiya da Katsina da Funtuwa kafin su sauka Zariya. Mahaifiyata ma 'yar Maraɗi ce. Don haka iyaka a wurina ba ta wuce shingen da ake gaisawa a wuce ba.

Ranar 26 ga Yuli, 2023 sojoji suka tsare Shugaban Nijar Bazoum, Janar Tchiani ya hau mulki. Kafin mu gama jin labarin a rediyo, ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma wadda Tinubu ke shugabanta a lokacin, ta ƙaƙaba takunkumi. Aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar, aka kuma ba sojojin mako guda su mayar da mulki ko a far musu.

Kayana suna can bayan shinge, kuɗin mutane a kaina. Amma ba wannan ya hana ni barci ba. Kawuna ne ya kira daga Maraɗi, cikin duhu, ya ce, "Ɗana, da gaske yaƙi za ku kawo mana?"

Na ce, "Haba Kawu, wa zai harbi wa?"

Abin da ya hana yaƙin, a ganina, ba hikimar Abuja ba ce. Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da amfani da ƙarfi, tsohon shugaban ƙasa Abdulsalami da Sarkin Musulmi suka je Yamai, Sanusi Lamido Sanusi ya gana da Tchiani, malamai suka bi sahu. Masu sanin cewa Katsina da Maraɗi tsatso ɗaya ne su suka kashe wutar yaƙin.

Sai dai bakin alƙalami ya riga ya bushe. A Satumba Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancen ƙasashen Sahel, wato AES. Sojojin Faransa suka tattara a Disamba, na Amurka suka bar Agadas a 2024, Rasha ta shigo. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma a Janairun 2025 ƙasashen uku suka fice daga ECOWAS gaba ɗaya.

A majalisarmu ta Tudun Wada har yau ana musu. Samarin suna yaba wa sojojin kan korar Faransa. Ni ban gamsu cewa sauya ubangida 'yanci ba ne. Amma Najeriya ma ta yi asara. Da can ana ganinta babbar yaya, ta yi magana a saurara. Ranar da ta yanke wuta ta nuna iyakar sandarta, kuma ba wanda ya durƙusa. Yanzu 'yan bindiga na ratsa dajin Zamfara da Sakkwato zuwa Nijar, ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da ake ginawa; magance wancan da kammala wannan duk sai da haɗin kan Yamai. Dole a zauna da su a matsayin maƙwabta, ba ƙannen da ake yi wa tsawa ba.

Da aka buɗe iyaka a Maris 2024, waken nawa ƙwari sun cinye rabinsa. Yadda na biya bashin, da zuwan da na yi kasuwar Dawanau ta Kano neman sabon dillali, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.