Daren da tiransimita ta rage wa kanta ƙarfi

A wani dare na watan Agusta, bayan an tafka ruwan sama a Kano, aka kira ni daga wani ƙaramin gidan rediyon FM da nake duba wa na'urori, wai masu saurare na wajen gari ba sa kama tashar. Da na isa na tarar tiransimitar, wato na'urar da ke tura shirye-shirye zuwa eriya, wadda aka saita a kan ƙarfin wat 1000, ba ta fitar da ko 400, ga jar fitila tana ci kusa da haruffan SWR. Manajan tashar ya ce, "Injiniya, na'urar nan ta lalace ne?" Na ce, "Ranka ya daɗe, lafiyarta ƙalau, kanta take karewa, ciwon yana can saman turken eriya."

Tiransimita da kebul da eriya duk an ƙera su ne a kan ma'auni ɗaya, wato om 50 (om shi ne awon turjiyar da wuta ke gamuwa da ita), kuma muddin suka dace da juna eriya takan karɓe kusan dukan wutar da aka tura mata ta watsa. Idan ruwa ya shiga mahaɗar kebul, ko iska ta lanƙwasa eriya, dacewar ta rushe, sai wani kaso na wutar ya juyo ta hanyar da ya bi. SWR shi ne awon wannan rashin dacewa. Idan ya kai 1.5, kashi 4 cikin ɗari ne ke dawowa, a 2 kimanin kashi 11, a 3 kuwa kashi 25, wato wat 250 daga cikin 1000.

Wutar da ke dawowa tana karo da mai fita a cikin kebul, sai ƙarfin lantarki ya taru a wasu wurare, kwararsa ta yi yawa a wasu. Tiransistocin matakin ƙarshe, wato 'yan sassan da ke ƙara wa wutar ƙarfi kafin ta fita, su ne a bakin ƙofa, kuma ko dai ƙarfin ya zarce abin da za su jure su mutu nan take, ko zafi ya gasa su a hankali. Tsofaffin na'urori masu bawul, wato kwalaben da ke wannan aiki kafin zuwan tiransisto, sun fi haƙuri da wannan, tiransisto kuwa ba ya ba da dogon gargaɗi.

Saboda haka ake dasa wani ɗan ma'auni a mafitar tiransimita wanda ke bambance wutar da ke fita da wadda ke dawowa. Da zarar mai dawowa ta haura iyakar da aka sa, sai a rage abin da ake ciyar da tiransistocin, ƙarfin fita ya sauka, abin da ke dawowa shi ma ya ragu har ya koma inda ba zai yi ɓarna ba. Wannan dabara ita ta fi burge ni, domin tashar ba ta ɗauke ba, muryarta ce kawai ta yi ƙasa. Idan kuwa abin ya zo kwatsam, kamar tsinkewar kebul ko tartsatsi, na'urar takan katse gaba ɗaya, ta sake gwadawa 'yan lokuta, sannan ta kulle kanta. Wasu kuma suna da sakuleta, wadda ke karkatar da wutar da ta dawo zuwa eriyar bogi, wato abin da ke shanye wuta ba tare da watsa ta ba, ta ƙone can a matsayin zafi.

Manajan ya nemi in cire kariyar zuwa safe saboda tallace-tallacen da aka riga aka biya, ni kuma na ƙi, na nuna masa cewa kuɗin tallan dare ɗaya ba zai sayi tiransistocin ba, balle kwanakin da za a yi ana jiran su. Da gari ya waye muka hau turken, muka tarar zafin rana ya tsattsage tef ɗin da aka naɗe mahaɗar da shi, ruwa ya kwanta a ciki har tagullar ta yi kore. Muka canza mahaɗar muka naɗe ta da kyau, kuma kafin mu gama sauka yaron aikina ya ɗago murya daga ƙasa cewa jar fitilar ta mutu, allon ya koma 1000.