Yadda Muka Kama Ganyen Wake Yana Haɗa Sitaci

Ɗalibaina sun haddace cewa gulukos shi ne C6H12O6, amma in ka ce musu tuwon masara wannan sukarin ne aka jera, sai su ɗauka zolaya kake yi. Shi ya sa na fita da su waje don mu yi gwaji.

Muka kulle shukar wake ta cikin tukunya a kabad mai duhu kwana biyu, don ta cinye sitacin da ta ajiye. Sannan muka manna baƙar takarda a tsakiyar ganye ɗaya, sama da ƙasa, muka ajiye tukunyar a rana daga hantsi har la'asar. Muka tsinko ganyen, muka tsoma shi a tafasasshen ruwa, sannan cikin sifirit mai zafi har korensa ya wanke. Sifirit dai ba a ɗora shi kan wuta. Kwalbar ake sakawa cikin ruwan zafi. Kuma ganye mai laushi ake nema, don na mangwaro ya yi kauri, zai ɓata maka lokaci.

Da muka ɗiga aidin, duk inda rana ta taɓa ya rikiɗe shuɗi mai duhu, alamar akwai sitaci, wurin takardar kuwa ya tsaya jaja-jaja, da siffarta sarai. Wani Bajamushe, Julius von Sachs, shi ya nuna wannan tun a shekarun 1860.

Ganye yana samar da sukari daga ruwa da iskar kabon dayoksaid da hasken rana, amma ba ya tara shi haka, domin sukari yana narkewa yana jawo ruwa cikin ƙwayar halitta. Sai ya riƙa ɗaura gulukos ɗaya a jikin ɗaya kamar 'ya'yan carbi, kowane ƙulli da ficewar ƙwayar ruwa guda; wannan jeren shi ne sitaci. Shi ya sa maltos, wato gulukos biyu, yake C12H22O11, ba C12H24O12 ba. Zaren da ba shi da reshe sunansa amilos, yana nannaɗewa, cikin nan aidin ke shiga ya canza launi. Mai rassa shi ne amilofektin, shi ya fi yawa, kusan kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari.

Wata yarinya ta ce, "Malam, to me ya sa garin masara ba shi da zaƙi?" Na ba ta burodi na ce ta yi ta taunawa kada ta haɗiye. Can sai ta zaro ido: miyau ya fara tsinka zaren, zaƙi ya fito.

Aidin ɗin da ya rage muka ɗiga a auduga, ba ta yi shuɗi ba. Ita ma gulukos ce da aka jera, ana kiran irin jerenta selulos, sai dai a selulos kowace ƙwaya juye take da ta kusa da ita, zaren ya miƙe sambal, cikinmu kuma ba shi da sinadarin warware irin wannan ƙulli. Saniya ma ƙananan halittun da ke tumbinta ne suke yi mata aikin.