Godiyarmu Bayan Dawowar Ɗanmu

Salama a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Kamar yadda kuka ji, ɗanmu ya fito daga hannun mutanen daji. Yana gida, yana ɗan taɓa abinci, kumburin ƙafafunsa ma ya fara sacewa. Wanda ya kira ban ɗaga ba ya yi mini haƙuri, barcin da na rasa tun ranar da aka tafi da shi nake ramawa.

Kun san abin da ya faru, ba sai na maimaita ba. Amma akwai daren da ba zan manta ba. Mun kai abin da suka nema, ranar da suka ce za su sake shi ta wuce, lambarsu kuma a kashe. An yi azumi, an kwana ana addu'a a majami'a, shiru. A daren nan na durƙusa, bakina ya ƙi buɗuwa. Kuma da yammar ne wani ya bugo yana cewa mu bincika kanmu, wai addu'ar da ba a amsa ba akwai zunubi a ƙarƙashinta. Tun daga lokacin na shiga lissafin laifofina tun na ƙuruciya, ina neman wanda ya jawo wa yarona wannan.

Uwar Zumuntarmu, shugabar matan majami'armu, ita ce ta shigo wajen ƙarfe goma, da kunun tsamiya a fulas da tocila a hannu. Na ce, "Mama, na kasa addu'a." Ta ce, "'Yata, sha kunu tukuna. Addu'a kuma ki bar mana, abin da ya sa muke nan ke nan." Ta shimfiɗa zanenta a ƙasa, ta haska Yohanna sura 11. Ta karanta inda aka ce Yesu yana ƙaunar Marta da 'yar'uwarta da Li'azaru, amma da ya ji ba shi da lafiya sai ya ƙara kwana biyu a inda yake. Ta ɗora yatsa a wurin ta ce, "Kin gani? Ƙaunar ce aka fara rubutawa, sannan jinkirin. Ba a ce gidan nan sun yi wani laifi ba." Ta tuna mini cewa Marta ta faɗa wa Yesu a fuska, da yana nan da ɗan'uwanta bai mutu ba, bai kuwa tsawata mata ba, har ma ya yi kuka a wurin. Sai a lokacin hawaye suka zo mini. Mama ba ta tafi ba sai da gari ya waye.

Na sha karanta Daniyel sura 10, amma yanzu na fahimce ta. An ji roƙonsa tun rana ta fari, amsa ba ta iso ba sai bayan kwana 21, saboda yaƙin da idonsa bai gani ba. Littafi Mai Tsarki ya yi maganar zunubin da ke tare addu'a, gaskiya ne, amma abokan Ayuba da suka liƙa masa wannan, su Allah ya yi fushi da su a sura 42. Don Allah mu daina faɗa wa mai kuka haka.

An ce kada in ambaci kowa, amma ba zan iya ba. Baba Rabaran da Mama, dattawan ikkilisiya, Zumuntar Mata ta ECWA da 'yan'uwa na Katolika da Baptis da suka haɗa hannu, mun gode. Matasan da suka riƙa kwana a ƙofar gidanmu, mun gode. Kowa a ƙasar Kachia ya san halin da manoma ke ciki tun da cuta ta cinye citta a 2023, duk da haka akwai gwauruwar da ta sayar da akuyarta ta kawo kuɗin a ƙulle a bakin zane. Maƙwabcinmu Alhaji mai shago ya ba mu bashi ba tare da rubutu ba, kullum ya dawo daga sallar asuba sai ya tsaya ya tambaya ko an ji labari. Allah ya saka muku, ya tsare 'ya'yanku a hanya da gona, kada ya nuna muku irin wannan rana. Dangin da ba mu ga ƙeyarsu ba sai yanzu da ake murna, mun ga saƙonninku, Allah ya bar zumunci.

Akwai waɗanda ɗanmu ya baro a can. Iyayensu ba su fi ni zunubi ba, ni ma ban fi su bangaskiya ba. Ya Ubangiji, kai da ka ji kukan "har yaushe" na Dawuda a Zabura 13, ka ji nasu, ka kwance 'ya'yansu, ka aiko musu da masu zama tare da su har amsa ta zo. Amin.

Za mu yi sujadar godiya ranar Lahadi mai zuwa, baikon da za a tara a majami'a ranar kuma na waɗannan iyalai ne. Masu zuwa gaisuwa a gida, don Allah kada a tambaye shi labarin daji tukuna.