Bin Sawun Tsibiran Ƙanƙara Daga Katsina

A garin Katsina, idan aka ambaci ƙanƙara, abin da yake faɗo wa mutum a rai shi ne wadda ake saye a leda lokacin azumin bazara, ko kuwa wadda takan zubo tare da ruwan sama jefi-jefi ta yayyaga ganyen dawa a gona. Ni ma a kan wannan na tashi, kuma har bayan da na fara koyar da labarin ƙasa a wata makarantar sakandare a cikin birni, nahiyar Antatika ba ta wuce wani farin tabo a gindin taswira ba a wurina. A ƙarshen shekarar 2023 ne na ji labarin wani tsibirin ƙanƙara mai suna A23a, wanda faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 4,000, wato ya fi Jihar Legas girma, kuma aka ce ya kama hanya bayan ya shafe fiye da shekara 30 a wuri guda. Tun daga lokacin na ware littafi guda, duk ƙarshen mako ina duba hotunan tauraron ɗan'adam da ake wallafawa kyauta, ina rubuta inda ya kai.

Bin sawu sana'a ce da muka sani a wannan yanki. Akwai dattawan da za su dubi yashi su gaya maka raƙumi nawa ne suka wuce, da wanda yake ɗauke da kaya, da wanda yake ɗingishi. Wahalar aikin a teku ita ce ruwa ba ya riƙe sawu, don haka mai bin tsibirin ƙanƙara ba shi da wata dabara illa ya duba yau, ya rubuta, ya sake dubawa gobe, har ɗigo-ɗigon da ya tara su zama hanya.

Waɗannan tsibirai ba ruwan teku ba ne da ya daskare. Dusar ƙanƙara ce da ta yi dubban shekaru tana zuba a kan nahiyar Antatika, ta sama tana danne ta ƙasa har ta zama ƙanƙara mai tauri, nauyinta kuma yana tura ta sannu a hankali zuwa gaɓa. Idan ta isa teku sai ta shimfiɗu a kan ruwa ta zama wani makeken dandamali wanda bayansa ke manne da ƙasa, gabansa yana bisa ruwa, kuma daga bakin wannan dandamali ne wani yanki yakan tsage ya ɓalle. Saboda haka ruwan da ke cikinsa ruwan daɗi ne, babu gishiri. Kusan kashi tara cikin goma na jikinsa yana nutse, ta yadda bangon da matuƙan jirgi suke gani, wanda yakan kai mita 30 ko 40, ya ninka hasumiyar Gobarau, ɗan kai ne kawai na abin da ke ƙasa. Wannan ne ya sa kwararar ruwan teku ta fi iska iko da manyan cikinsu, kuma shi ne ya sa sukan kafe idan gindinsu ya taɓa ƙasa a wuri marar zurfi.

Cibiyar Kula da Ƙanƙara ta Amurka ce take raɗa musu suna, kuma sunan da kansa adireshi ne. An raba kewayen Antatika gida huɗu, A da B da C da D, harafin yana nuna yankin da aka fara ganin tsibirin, lambar tana nuna na nawa ne a jerin da aka rubuta daga can. Idan ya rabe, kowane ɓangare yakan ɗauki sunan uban tare da ƙarin harafi, kamar yadda 'ya'ya suke ɗaukar sunan mahaifi a rajistar makaranta. Ba kowanne ake sa wa suna ba, sai wanda tsawonsa ya kai mil 10 na ma'aunin teku ko faɗinsa ya kai murabba'in mil 20.

Kallon ma ba da sauƙi yake samuwa ba, domin yankin yakan yi watanni cikin duhu a lokacin sanyinsu, a sauran watannin kuma gajimare ya cika rufe shi. Nan ne na'urar rada ta yi rana. Taurarin Sentinel-1 na Turai, waɗanda aka harba na farkonsu a 2014, suna aika siginarsu ƙasa su karɓi abin da ya dawo, ba ruwansu da dare ko gajimare, kuma ƙanƙara takan fito fara sol a kan baƙin ruwa. Wani tauraron, CryoSat-2, yana auna tsayin abin da ya fito saman ruwa, daga nan a lissafa kaurin abin da ya nutse, a san ko tsibirin yana ramewa ta ƙasa alhali daga sama ba a ga ya ragu ba. Jami'ar Brigham Young ta Amurka kuwa ta tattara tarihin tafiye-tafiyensu tun daga 1978. Idan aka ɗora hanyoyin a kan taswira guda, za a ga yawancinsu suna bin gaɓar nahiyar zuwa yamma, su shiga Tekun Weddell, ruwan can ya juya da su arewa, sannan babbar kwararar da ke kewaye Antatika ta kwashe su gabas zuwa wajen tsibirin Jojiya ta Kudu, inda ruwa ya fi ɗumi, kuma a can ne akasarinsu suke ƙarewa.

A23a ya ɓalle daga dandamalin Filchner a 1986, har ya tafi da wani sansanin bincike na Tarayyar Sobiyet da aka gina a kansa. Bai yi nisa ba ya kafe a Tekun Weddell, ya zauna nan har wajen 2020, lokacin da ya rame daidai yadda zai iya ɗagawa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a duk tafiyarsa ya faru ne a 2024. Makonni suna wucewa ina rubuta kusan wuri guda a littafina, a arewacin tsibiran Orkney ta Kudu, amma duk hoton da na buɗe sai in ga fuskarsa ta sauya. Ashe wani tudu ne a ƙarƙashin teku ya sa ruwan da ke bisansa yake juyawa kamar guguwar da ta ƙi gusawa, tsibirin ya faɗa ciki yana ta kewaya kansa, kimanin digiri 15 a kowace rana, wato zagaye ɗaya cikin kwana 24. Gindinsa bai taɓa tudun ba, ruwa ne kaɗai ya riƙe abin da nauyinsa ya kai kusan tan tiriliyan ɗaya. Na daɗe ina tunanin wannan ikon Allah. Sai a watan Disamba ya kuɓuta, kuma a watan Maris na 2025 ya sake kafewa kimanin kilomita 70 daga Jojiya ta Kudu, tazarar da ba ta kai daga Katsina zuwa Daura ba.

Mutuwar irin wannan tsibiri ta hanyoyi da yawa take zuwa, kuma sukan haɗu. Ruwa mai ɗumi yana cinsa ta ƙasa. Raƙuman ruwa suna sassaƙar gefensa daidai inda ruwa ya tsaya, kamar yadda ruwan damina yake cin gindin katangar ƙasa har samanta ya rufto. Idan saman ya zube, sai a bar wani tudu a nutse wanda yake neman tasowa, ƙarfin tasowar tasa kuma ya karya wani sabon yanki. Sannan idan iska ta yi ɗumi, ruwan da ya narke a sama yakan taru ya cika tsagogi, nauyinsa ya buɗa su har ƙasa tamkar an buga tsinke a itace. Wannan na ƙarshen shi ne yake tarwatsa tsibiri cikin 'yan kwanaki.

B-15, wanda ya ɓalle daga dandamalin Ross a watan Maris na 2000, shi ne mafi girma da tauraro ya taɓa aunawa: tsawon kilomita 295, faɗin fili kusan murabba'in kilomita 11,000, abin da ya kusa rabin Jihar Katsina. Babban ɓangarensa, B-15A, ya tare mashigin McMurdo ya tilasta wa tsuntsayen fengwin doguwar tafiya kafin su sami abincin 'ya'yansu, sannan ya farfashe a watan Oktoba na 2005. Masu bincike sun riga sun dasa na'urar auna girgiza a kansa, kuma da suka duba abin da ta naɗa, sai suka ga raƙuman ruwan da wata guguwa ta tayar a Tekun Alaska, nisan kilomita 13,500, sun iso wurin bayan kwana shida, daidai lokacin fashewar. Daga baya wani nazarin ya fi ɗora alhakin a kan karon da ya yi da tudun ƙarƙashin teku. Na fi ganin darajar wannan saɓani a kan amsa guda mai daɗin ji, domin na'urar da aka dasa tun kafin abin ya faru ita ce ta ba da damar yin gardamar da hujja.

Wata rana wata ɗaliba ta tambaye ni, ta ce: "Malam, idan duk wannan ya narke, ba zai cinye Legas ba?" Na kawo kofin zoɓo cike da ƙanƙara na ajiye a kan tebur har ta narke, bai zube ba, saboda abin da yake bisa ruwa ya riga ya ture ruwa daidai nauyinsa. Haɗarin yana ga abin da ke bayansa. Dandamalin ƙanƙara tokara ce ga ƙanƙarar da ke kan tudu, kuma lokacin da na Larsen B ya ruguje cikin makonni a 2002, kogunan ƙanƙarar da yake tarewa sun ninka saurinsu zuwa teku, wannan kuwa sabon ruwa ne da yake ƙara tsayin teku. Ban yarda da masu ɗora kowace ɓallewa a kan ɗumamar yanayi ba, domin ɓallewa ɗabi'ar dandamali ce tun asali. Amma ba wanda zai iya rarrabe abin da aka saba da abin da ya sauya sai mai riƙe da rubutun shekaru masu yawa. Nakan yi fatan da a ce haka muke rubuta zurfin rijiyoyinmu da cikar madatsun Ajiwa da Zobe da Jibiya duk mako, a wurin da kowane ɗalibi zai iya dubawa.

Narkewar ba asara ce zalla ba. A68, wanda ya ɓalle daga dandamalin Larsen C a 2017 da tsawon da ya kai kusan Katsina zuwa Kano, ya zubar da kimanin tan biliyan 152 na ruwan daɗi a kusa da Jojiya ta Kudu kafin ya ƙare a 2021. Tare da irin wannan ruwa akwai ƙasar da ƙanƙara ta kankaro daga duwatsu, mai ɗauke da sinadarin ƙarfe, wanda yake zama taki ga ƙananan tsirran teku, irin aikin da ƙurar hunturu mai tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take yi idan ta sauka a Tekun Atilantika.

A23a bai daɗe a kafe ba. Ya sake tashi ya kewaya Jojiya ta Kudu yana zubar da manyan ɓangarori, kuma zuwa watan Satumba na 2025 bai kai rabin girmansa na da ba, har wani mai suna D15a ya karɓe matsayin mafi girma a duniya. Shafin da nake rubuta suna ɗaya a kansa ya koma layi uku da huɗu, kowane ɓangare da harafinsa da inda ya dosa, kuma wanda ya ƙanƙance ƙasa da ma'aunin cibiyar sai a daina ambatonsa, ni ma in ja layi a ƙarƙashin sunansa in rubuta kwanan watan da na gan shi na ƙarshe.